Gadar da Inna Ba Ta Taka Ba

Kun girma kuna jin wannan magana a bakin mutane, kowa da irin gishirin da yake zuba mata. Wasu sun ce ubanku ya sayar da kabarin ubansa. Wasu sun ce kwangila aka raba da ni a ɓoye. Akwai ma tsohuwar da ta tare 'yar'uwarku Hadiza a gidan biki ta ce mata alhakin matattu ne ya hana ni komawa kujerar kansila. Na daɗe ina shiru, don ban ga dalilin da zan bi gida gida ina wanke kaina ba. Amma na lura ku ma kun fara sunkuyar da kai idan aka ambaci gada, kuma wannan ne na kasa haɗiyewa. Saboda haka zan ba ku labarin shekarar kamar yadda ta faru, ku san dalilin da ya sa ba ni da kabarin da zan nuna muku in ce ga kakanku, da dalilin da ya sa Baffanku Rabe yake gaishe ni kamar wanda suka haɗu a tasha.

Kun san garinmu, amma ba ku san shi kafin gada ba. Rafin da ya raba mu da Tsallake da rani yashi ne zalla, jakai na birgima a ciki. Da damina kuwa wani abu ne daban. Ruwa zai sauka can wajen duwatsu, mu nan ko ɗigo ba mu gani ba, sai ka ji rafi ya taho yana gurnani, ja wur, ɗauke da kara da itace. Mutanen Tsallake, manoma da 'yan rugage, sai su zauna bakin gaɓa su jira ya sauka, ko mai zuwa kasuwar Dutsin-Ma ne, ko mai ɗauke da mara lafiya zuwa Kurfi. A gaɓar da ke ɓangarenmu kuma, daidai inda rafin ya yi gwiwa, nan tsohuwar maƙabarta take. Kowace damina sai ruwa ya gutsuri ƙasa kaɗan, har ya zama abin da ya rage tsakanin kwari da kaburburan farko bai wuce tsawon igiyar ɗaure akuya ba. Kabarin Baba yana cikin na farkon, a gindin wata aduwa.

Inna ba ta shiga maƙabarta, kamar sauran mata, amma hanyar gayaunarta ta Tsallake ta gefen nan ta bi. Duk lokacin da za ta wuce sai ta tsaya daga kan hanya, ta fuskanci aduwar, ta yi sallama, ta yi addu'a, sannan ta ɗan yi ƙus-ƙus kamar mai ba da rahoton gida. Ni ne autanta, ni kaɗai nake da bakin tsokanarta.

“Inna, yau kuma mi kika hwaɗa mashi?”

“Na ce mashi Sada ya zama kansila, ya sai hula mai tsada, amma har yanzu in ya ci tuwo sai riga ta shaida.”

Wurin da ke gefen Baba kuwa ta riga ta kama shi da baki tun ranar da aka rufe shi. Ta gaya wa Yaya Rabe, ta gaya mini, ta gaya wa mai gyaran kabari, cewa nan ne nata, duk wanda ya riga ta tafiya ya nemi wani wuri.

A daminar da ta gabaci kasafin kuɗin da zan ba ku labarinsa, wata rana da la'asar, aka yi ihu a Tsallake cewa ga 'yan bindiga nan tafe. Kun san yadda shekarun nan suke, ba wanda zai tsaya tambayar wa ya gani. Mata suka suri yara, maza suka kora abin da suka iya korawa, kowa ya nufo gari. Ga rafi a cike. Masu ƙarfi suka riƙe hannun juna suka ratsa, aka yi ta miƙo yara. A cikin wannan turmutsitsi ruwa ya fizge wata yarinya, Hauwa'u, 'yar wani Bafillace da ake kira Malam Buba. Washegari da safe muka bi rafi muna dubawa, ni Allah ya nufa na gan ta, ta maƙale a saiwar wata bishiya, zanenta ya naɗe mata ƙafa. Sa'ar Hadiza ce a lokacin, har kitsonsu iri ɗaya. Ni na ɗauko ta a kafaɗa na kai wa ubanta. Bai yi kuka ba, ya dai karɓe ta ya ce mini sannu da wahala. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ashe babu wasu 'yan bindiga ranar, ƙarar baburan 'yan kasuwa ce da suka biyo ta daji don gudun taɓo.

Bayan an gama kaka, an kai amfani gida, Ciyaman ya tara mu kansiloli ya ce lokacin tsara kasafin baɗi ya yi, kuma kada kowa ya zo masa da dogon buri. Albashi zai ci nasa, man motocin sintiri da ɗan abin da ake ba masu gadin ƙauyuka zai ci nasa, abin da ya rage ba zai kai ko'ina ba. Kowace gunduma aiki ɗaya tak, kuma wadda ta samu bana ba ta da tabbacin baɗi. To mu a wajenmu akwai yadda ake yi tun kafin a haife ni a siyasa. Kansila ɗan aike ne. Mai shela zai zaga gari, dattawa su taru a ƙofar Maigari bayan sallar Juma'a, a yi ta magana har a tsaya a kan abu ɗaya, Liman ya shafa fatiha, shi ke nan an ɗaure. Kansila ya ɗauki saƙo ya kai majalisa yadda aka ba shi. Ba a taɓa jin wanda ya sauya ba. Sai dai abin da ba wanda yake faɗa shi ne mai shela bai taɓa tsallaka rafi ba, kuma mata ba sa zama a ƙofar Maigari. Ranar taron, mutum ɗaya ne daga Tsallake, Malam Buba, shi ma Juma'a ce ta kawo shi. Ya zauna can ƙarshen tabarma, sandarsa a kan cinya.

Ba a daɗe ba baki ya zo ɗaya: a gina katangar dutse da siminti a bakin kwari, a tare ruwa daga maƙabarta. Na nemi izini na ce a duba maganar gada, na tuna musu yarinyar. Aka ce Allah ya jiƙanta. Sai Liman ya gyara zama.

“Malam Sada, maganarka gaskiya ce. Amma rayayye shina da ƙahwa, shina da baki, in ya ga ruwa shi jira. Waɗanda ke kwance can ba su da kowa sai mu.”

Yaya Rabe ya juyo ya dube ni a gaban mutane.

“Kai ko kunya ba ka ji? Ubanka ne na farko a bakin kwarin.”

Ban raina maganar Liman ba, har yau ban raina ta ba. Na duba wajen Malam Buba ko zai ce wani abu, bai ɗaga kai ba. Aka shafa fatiha, ni ma na ɗaga hannu na shafa tare da kowa. Da na shiga gida, labari ya riga ni. Inna ta sa an dama mini fura da nono mai kyau, ta zaunar da ni kusa da ita kamar yaro, ta dafa kaina.

“Allah shi yi maka albarka, Sada. Yanzu na san wurina na nan.”

Kwanakin da suka biyo baya ban ji daɗinsu ba. Na je na ɗauko injiniyan ayyuka, wani Bulus, mutumin kudancin Kaduna da ya daɗe a cikinmu, na goya shi a babur muka duba wuraren biyu. Na tambaye shi ko za a iya raba abin, a yi rabin katanga da 'yar ƙaramar gada. Ya ce rabin katanga ruwa zai zagaye ta, ƙaramar gada kuma damina ɗaya za ta tafi da ita. Na ce to maƙabartar za ta iya jira zuwa wata shekara?

“Kansila, ba zan yi maka ƙarya ba. Tana iya kai shekara biyu, tana iya tafiya bana. Ruwa ba ya gaya mini.”

Mahaifiyarku ce kaɗai na buɗe wa cikina. Tana tankaɗe a tsakar gida, ba ta ko dakata ba, ta ce ita ba za ta sa baki tsakanina da Inna ba, amma in sani duk matar da ke Tsallake idan cikinta ya tsufa da damina, ƙaura take yi ta dawo gari gidan dangi, wadda ba ta da dangi kuma sai abin da Allah ya yi. Ta ce wannan ba a faɗa a ƙofar Maigari ba don ba a tambayi masu yin ƙaurar ba. Daga nan ta ci gaba da tankaɗenta.

Ranar zaman majalisa zauren ya cika, fanka tana sama ba wuta, kowa na fifita da abin da ya samu. Ma'aji ya yi dogon bayani wanda ƙarshensa dai babu ne. Sai aka fara kiran gunduma gunduma. Wani ya ce rijiyar burtsatse, wani rufin azuzuwa da iska ta yaye, wani rumfunan kasuwa. Akwai abokina da ya miƙe ya gyara babbar riga ya ce mutanensa ƙofar shiga gari suke so, mai rubutun barka da zuwa, alhali garin nasu ko hanyar da baƙon zai biyo babu. Aka yi dariya, ni ban samu bakin yi ba. Kafaɗata ta dama, wadda na ɗauko yarinyar da ita, sai na ji ta yi nauyi. Har Ciyaman ya kira sunana ban san abin da zai fito daga bakina ba.

“Onarabul Sada, mi gundumarka ta aiko ka da shi?”

“Ranka shi daɗe, sun aiko ni da katangar maƙabarta. Ni kau gada nike roƙo, a rafin Tsallake.”

Ku riƙe wannan da kyau, don nan ne masu ba da labari suke karkacewa. Ban ce jama'a sun zaɓi gada ba. Ban ɓoye saƙo ba. Na faɗi abin da aka aiko ni da shi, na faɗi abin da nake roƙo, a gaban kowa da rana tsaka. Ciyaman ya cire tabarau ya dube ni.

“Ka san abin da kansila ya hwaɗa a zauren nan shi ake sawa. Ka yi shawara da gida?”

“Na yi shawara da kaina, ranka shi daɗe.”

“To, kai za ka koma cikinsu, ba ni ba.”

Aka sa gada. Kafin in tayar da babur wani ya riga ya buga waya gari. Da na iso, majalisar ƙofar Maigari ta amsa sallamata ciki-ciki, ba wanda ya matsa mini wuri. Na wuce gida. Inna tana zaune a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na gaishe ta. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba, da ma ta yi.

“Sannu da zuwa, Kansila.”

Tun da ta haife ni ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai Sada, ko Auta idan tana cikin nishaɗi. Na fara bayani, na kawo maganar yarinyar, na ce zan nemi katangar baɗi, na ce zan tara gayya. Ta bar ni na gama, hannunta bai daina aiki ba.

“Ka shahwa fatiha ko ba ka shahwa ba?”

“Na shahwa, Inna.”

“Ka sha furata ko ba ka sha ba?”

Ta tattara ɓawon gyaɗa a zanenta ta shige ɗaki. Yaya Rabe kuwa a zaure ya tare ni. Ya ce na maida dattawan gari yara, na sa Liman ya shafa fatihar banza, na zaɓi Fulanin daji a kan uban da ya haife ni. Ni ma zuciya ta ɗebe ni, na ce masa Baba ya riga ya gama da duniya, babu ruwan da zai sake kashe shi, amma 'ya'yan mutane da ransu suke nutsewa. Gaskiya na faɗa, sai dai na faɗe ta da ƙarfi, kuma ɗakin Inna yana jikin zauren.

Da rani aka yi gada. Ba wata babba ba ce, kun dai gan ta, amma an zuba mata rodi da siminti yadda ya kamata, don kullum ina wurin kamar ni ne lebura. Ban manta da maƙabarta ba, ko da me za a gaya muku. Na kira gayya, na sayi buhuna daga aljihuna, muka cika su da yashi muka jera a bakin kwari, muka kafa turaku. Samari sun fito, mutanen Tsallake sun fito da amalanke suna jido duwatsu. Dattawan da suka fi kowa ɗaga murya a ƙofar Maigari kuwa yawancinsu ba su leƙo ba, wai ba za su taya ni rufe abin kunyata ba. Wannan har gobe yana ba ni haushi. Da a ce matattun ne a ransu ba fushi da ni ba, da sun zo sun ɗauki ko da dutse ɗaya.

Damina ta faɗi da ƙarfi a shekarar. Farkonta buhunan sun riƙe, har na fara samun barci. Da marka ta zauna, aka yi kwana da kwanaki ana zuba ruwa ba ƙaƙƙautawa, wata safiya bayan an idar da sallah sai ga mai gyaran kabari a guje, yana nuna gabas da hannu. Muka tarar gaɓar ta zube gaba ɗaya. Aduwar tana kwance cikin rafi, saiwoyinta a sama. Layin farko na kaburbura babu shi. Ba zan ba ku labarin abin da muka gani a cikin taɓon nan ba, ba kuma na so ku tambaye ni. Mun wuni muna bin rafi da buhuna da fararen ƙyallaye muna tsinta, ni da Yaya Rabe muna aiki kafaɗa da kafaɗa. Ba wanda ya san na wa ya ɗauka. A cikin gari babu sauran fili mai tudu, sai Malam Buba ya zo ya ce ya ba da gonarsa ta kan tudun Tsallake sadaka, a yi sabuwar maƙabarta. Aka ɗora abin da aka tsinta a amalanke, aka haye da shi ta kan gada, aka haƙa rami ɗaya babba aka rufe su tare. Kakanku yana ciki, ko kuma ruwa ya wuce da shi, Allah kaɗai ya sani.

Ni na shiga na gaya wa Inna, don ban yarda wani ya riga ni ba. Ta saurara, idonta a ƙasa. Tambaya ɗaya ta yi.

“Ta ina aka bi da su?”

“Ta kan gada, Inna.”

“To, ta yi amfani.”

Daga ranar ba ta sake ambaton Baba a gabana ba, ba ta kuma taɓa taka gadar ba. Da rani idan za ta gayauna sai ta gangara ta gefenta, ta ratsa yashi da sandarta, ta hau ɗaya gaɓar da ƙyar, babura na wucewa ta samanta. Da damina ta haƙura da gonar ta bar wa jikoki. Duk gari an san wannan, yara har tsayawa suke suna kallo. Ni kuwa kowace safiya sai na je na durƙusa na gaishe ta, ta amsa da sannu Kansila, har bayan an yi zaɓe na faɗi warwas, kujerar ta koma hannun wani. Na aiki ƙanwarta ta roƙa mini gafara, na aiki Liman da kansa, wanda daga baya ya sauko muka shirya. Abin da take ce musu ɗaya ne, ita ba ta ce na yi mata laifi ba. Abincin da na aika tana ci, maganin da na saya tana sha. Sunana ne dai ta ajiye, da kalmar yafiya, kuma duk ɗan da ya san ciwon kansa ya san abin da wannan yake nufi. Na yi shekaru ina tsoron ta mutu ko in mutu a haka, tsoro na gaske, irin mai tayar da mutum daga cin abinci.

Kada ku ɗauka nadama nake muku. Da za a mayar da ni zauren nan, a sake tambayata, gada zan ce. Tun da aka yi ta rafin bai sake cin kowa ba, kuma an yi gudu na gaske bayan nan, ba na ƙarar babura ba, mutanen Tsallake suka kwararo ta kanta da 'ya'yansu da awakinsu cikin ruwan sama. Waɗanda suke zagina ma ta kanta suke kai taki gona. Amma kada kuma ku ɗauka samun gaskiya yana sa mutum ya ji daɗi. Ni dai bai sa ni ba.

Ciwon ajalinta da damina ya zo. Ranar da jikin ya yi tsanani, da hantsi, ta sa aka kira mu ni da Yaya Rabe. Ta rame har ba ta cika shimfiɗa ba. Ta yi wa Yaya nasa, ta sa masa albarka. Sannan ta juyo da ido wajena, ta daɗe tana kallona.

“Sada.”

Na kifa kaina a bakin gadon, ina da furfura a gemu, na yi kuka kamar an yaye ni ranar.

“Na yahe maka, duniya da lahira. Nonon da ka sha halal ne.”

Ta huta, numfashinta na fita da ƙyar. Na ɗauka ta gama. Sai ta ɗaga yatsa.

“Amma kada a bi da ni ta kan gadarka.”

Kafin azahar ta cika. Aka yi mata wanka, aka sallace ta a ƙofar gida, aka ɗauki makara. Ruwa ya sauka a duwatsu da safen, rafi yana cike. Liman ya ce wannan wasiyya ba dole ba ce, addini bai ce a jefa rayuka cikin hatsari don ita ba, kuma gaggauta rufe mamaci ya fi. Mutane suka fara gyaɗa kai. Yaya Rabe ni ya zuba wa ido, duk jama'a suka juyo suna kallona, su ga ko zan sake sauya saƙo. Na ce a sauke makara, za mu jira ruwa ya sauka.

Haka muka zauna a bakin gaɓa da gawar Inna a gabanmu, muna kallon ruwa, yadda mutanen Tsallake suka yi ta zama shekara da shekaru, ga gada a gefenmu ba kowa a kanta. Masu babura da suka zo wucewa suka kashe injin suka tsaya. Sai bayan la'asar ruwan ya ja baya ya dawo iya ƙirji. Muka naɗe riguna, muka zaɓi dogaye masu ƙarfi. Ni da Yaya muka kama gaba, shi dama ni hagu, muka ɗaga makarar sama da kawunanmu muka shiga. Ruwan da sanyi, yashi na zamewa a ƙarƙashin ƙafa. A tsakiya na yi tuntuɓe, makarar ta karkata, sai na ji an tallafe ta daga bayana. Malam Buba ne, da tsufansa, ya gangaro daga ɗaya gaɓar ya shigo ruwan ba wanda ya kira shi. Muka fita da ita a bushe, ko gefen likkafanin bai jiƙe ba. Aka haƙa mata a jikin babban ramin nan, iyakar kusancin da za mu iya ba ta ke nan.

Da aka gama, jama'a suka komo gari ta kan gada. Yaya Rabe ya bi ta ruwa shi kaɗai, kuma tun daga ranar gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Ku ci gaba da zuwa gaishe shi, ku durƙusa masa, ubanku ne, kuma abin da ya rasa ni ma shi na rasa. Idan wani ya sake tare ku da maganar, kada ku yi musu, kada kuma ku sunkuyar da kai. Ni kuma idan tawa ta zo, ko rani ne rafi ya bushe ƙurmus, ku bi da ni ta kan gada, ku kwantar da ni a gefen Inna.